Ƙuncin Jinsi a Kano: Tambayoyin da Ake Yi a Ɓoye da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin mutanen da jikinsu da ransu ba su jitu ba a kan maganar jinsi, da kuma daga bakin iyayensu. Yawanci da murya ƙasa-ƙasa ake yin su, bayan an leƙa an tabbatar babu kowa a bakin ƙofa. An tara su ne domin mai wannan damuwa a Kano ya samu bayanin da ya dace da garin da yake kwana yake tashi a cikinsa, ya kuma iya tsara wa kansa hanyar da za ta bar shi da rai da lafiya. Amsoshin ba fatawa ba ne, kuma ba su ɗauke wa kowa ganin likita ba.

Mene ne ƙuncin jinsi, kuma ta yaya zan san shi ne yake damuna?

Damuwa ce mai nauyi, mai daɗewa, da mutum yake ji saboda jinsin da aka haife shi da shi bai yi daidai da yadda yake jin kansa a ransa ba. Wani tun yana makarantar allo yake jin haka. Wani sai da balaga ta zo, murya ta fara buɗewa, ko ƙirji ya fara tasowa, ko al'ada ta sauka, sannan ya ji jikinsa ya zame masa baƙo. Likitoci kan duba ko abin ya kai aƙalla wata 6, da kuma ko yana hana mutum karatu, sana'a, barci ko shiga jama'a.

A ƙananan wurare yake nuna kansa. Ana gab da Sallah an je wajen tela, ya ɗauko tef ya zagaya ƙirji, yana faɗin lambar da ƙarfi yaronsa yana rubutawa a bayan kwali, mai ɗinkin kuwa ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wani ya daina kallon madubi, sai a duhu yake wanka. Wata in mai adaidaita sahu ya ce mata "Hajiya, ina za a?" sai gabanta ya faɗi, ta wuni ba ta da sukuni. Amma macen da take son ƙwallo ko gyaran mota, da namijin da ya iya girki yake da sanyin hali, wannan kaɗai bai sa su cikin masu ƙuncin jinsi ba.

Hauka ne? Ko aljanu ne suka shafe ni?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire rashin jituwa da jinsi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a sabon kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Masu bincike ba su samu dalili guda ɗaya da yake kawo shi ba, kuma babu hujjar da ta nuna laifin tarbiyyar uwa ne ko na zama cikin mata. Abin da yake buƙatar magani da gaggawa shi ne abin da yakan biyo bayansa: ciwon damuwa, fargaba, rashin barci, shan ƙwaya don a manta.

Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciyar mai imani, babu mai hana ku su. Duka, ɗauri da mari, horon yunwa da turnuƙe mutum da hayaƙi kuwa ba su taɓa cire wannan abu daga ran kowa ba. Duk wanda ya ga halin da aka samu mutane a gidajen marin da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019 ya san abin da irin waɗannan wurare suke yi wa ɗan Adam.

To daudu ke nan, ko neman jinsi ɗaya?

Abubuwa ne daban-daban, ko da yake a bakin mutane an cakuɗa su. Sha'awa magana ce ta wanda zuciya take karkata gare shi, ƙuncin jinsi kuwa magana ce ta yadda mutum yake jin kansa, kuma akwai masu shi da ba su taɓa kusantar kowa ba. Daudu tsohuwar hanyar zama ce a ƙasar Hausa, mai sana'arta ta sayar da abinci da hidimar biki da irin maganarta. A cikin 'yan daudu akwai waɗanda suke ɗauke da wannan ƙunci, akwai kuma da yawa da suke ɗaukar kansu maza, da matansu da 'ya'yansu. Kada ku yi saurin manna wa kanku wani suna don kawai shi ne kuka ji ana faɗa a unguwa.

Ko dai ni mata-maza ne ban sani ba?

Wannan tambaya ta cancanci a kai ta asibiti, domin amsarta tana sauya komai. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da gaɓoɓi, ko ƙwayoyin halitta, ko sinadaran jiki da ba su tsaya sak a ɓangare ɗaya ba. Wani tun ranar haihuwa ake gani. Wani sai an balaga: yarinya ta kai shekara 15 ko 16 ba ta ga al'ada ba, ko muryarta ta yi kauri gabanta ya fara sauyawa, ko namiji ya ga jini yana fita duk wata. Ana ganowa ta hoton ciki, gwajin sinadaran jini, da gwajin ƙwayoyin halitta da yake nuna tsarin mata ne (XX) ko na maza (XY) ko wani tsarin. Manyan asibitocin koyarwa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da likitocin mata, na mafitsara da na yara da suke duba irin wannan.

In gwaji ya nuna haka ne, addini da likitanci duka sun buɗe ƙofar gyara, kamar yadda za a gani a amsar da ke biye. Sai dai yawancin masu ƙuncin jinsi gwajinsu yakan fito babu wani bambanci. Hakan bai ƙaryata abin da suke ji ba.

Abin da nake ji zunubi ne? Me malamai suka ce?

Hadisin da ya la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza ingantacce ne, kuma kowane ɗan Islamiyya a Kano ya san shi. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne rarrabewar da malaman da suka yi sharhinsa suka yi. Imam Nawawi ya raba wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiro wa kansa ba, daga wanda yake yi da gangan, ya ce na farkon babu zargi a kansa. Ibn Hajar ya ƙara da cewa irin wannan ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali gwargwadon iyawarsa. A fiƙihu kuma akwai babi sukutum a kan mata-maza: gadonsa, aurensa, inda zai tsaya a sahu.

A kan tiyata, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 1989 cewa bai halatta a sauya wa wanda gaɓoɓinsa suka cika a jinsi ɗaya ba, amma ya halatta a yi wa mata-maza gyara zuwa ɓangaren da ya rinjaya. Wannan shi ne ra'ayin da za ku ji daga kusan duk malaman Kano. A Iran, Ayatullah Khomeini ya ba da fatawar halacci a shekarun 1980, shi ya sa ake yin aikin a can a fili. A Masar, fatawar da Shaikh Ɗanɗawi ya bayar a 1988 yana Muftin ƙasar, a kan wani ɗalibin likitanci na Azhar, har yau kowane ɓangare yana karanta ta yadda ya fahimta.

Abin da nake roƙo shi ne kada ku bar salla don kuna ganin an riga an kore ku. Na sha ganin wanda ya yanke ƙauna daga rahamar Allah saboda wani abu da bai zaɓa ba, kuma wannan yanke ƙaunar ta fi ƙuncin kansa cin rai. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Me doka ta ce a nan Kano?

Gara a faɗa muku gaskiya ko da ɗaci. Tun da Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000 akwai dokar jiha da ta mayar da shigar mata ko kwaikwayon ɗabi'arsu laifi ga namiji, kuma Hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana kama mutane a kan haka. A matakin tarayya akwai dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya da shekara 10 ga shiga ƙungiyoyin masu yin haka. Wannan doka ba ta ambaci ƙuncin jinsi ba, amma mai kame a titi ba ya tsayawa rarrabewa, ɓata-garin unguwa ma haka. Jin abin a rai ba laifi ba ne a kowace doka, faɗa wa likita ma haka.

Dole ne sai na sauya jinsi kafin in samu sauƙi?

A'a, kuma a nan ne bidiyoyin TikTok da YouTube suka fi ruɗa mutane, domin suna nuna abin tamkar tsani ne: sabon suna, sabuwar shiga, allura, tiyata, wanda bai kai ƙarshe ba ya gaza. Ko a ƙasashen da komai yake a buɗe, da yawa suna tsayawa a mataki ɗaya, wasu ba sa taɓa magani, wasu kuma su fara su dawo. Mai zaune a Fagge ko Ɗorayi yana da nasa lissafin: iyaye, masallaci, shago, makwabta, doka.

Ku fara da rarraba damuwar. Ku ɗauki wata biyu ko uku kuna lura da lokacin da ƙuncin yake tashi da lokacin da yake kwanciya. Jikin ne kansa, kuma wane sashe? Sunan da ake kiran ku ne? Tufafi ne? Ko matsin auren da ake yi muku? Ko wani abu da aka yi muku kuna ƙanana, wanda ya sa kuka tsani jikinku? Mutum biyu za su ce "ina jin ni ba namiji ba ne", amma ɗaya gemu ne yake hana shi barci, ɗayan kuwa abin da yake nema shi ne mutum guda a duniya da zai san shi yadda yake. Maganinsu ba zai zama ɗaya ba. Sannan kowane mataki ku yi masa tambaya uku: zai rage mini ƙuncin da gaske, me zai jawo mini in aka gane, kuma in na sauya ra'ayi zan iya komawa? Abin da ba a iya komawa daga gare shi a bar shi ƙarshe.

Wanda ya zaɓi ya zauna a jinsin haihuwarsa saboda imaninsa, yana neman hanyoyin rage raɗaɗin, bai yaudari kansa ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, yake shirin karatu ko aiki a wani wuri inda zai samu likita da tsaro, shi ma ba a ce masa ya haukace ba. Kuma shawarar da kuka yanke kuna shekara 19 kuna da damar sake duba ta kuna shekara 30.

Me zan iya yi yanzu ba tare da na jefa kaina cikin hatsari ba?

Suturarmu tana da rufin asiri. Kaftani mai faɗi, jallabiya, dogon hijabi da abaya duk suna ɓoye surar jiki ba tare da kowa ya ɗaga ido ba, kuma a wajen tela ana iya kai tsohuwar riga a ce a yi irinta maimakon awo. Aske gemu ko rage shi, kula da fata, gajeren gashi a ƙarƙashin ɗankwali, motsa jiki da yake faɗaɗa kafaɗa, waɗannan duka ana iya barinsu gobe in ba su yi ba. Masu ɗaure ƙirji su kiyaye: kada a yi da bandeji ko salatif, kada a wuce awa 8, kada a kwana da shi, kuma a zafin Afrilu da ake haura digiri 40 a rage sosai. Numfashi ya yi wuya ko haƙarƙari ya yi ciwo, a kwance nan take.

Sai sana'a. Mai kuɗin kansa yana da zaɓin da wanda ake ciyarwa ba shi da shi, don haka kammala karatu ko koyon aikin hannu yana cikin maganin wannan damuwa.

Ana samun ƙwayoyin homon, wato na sinadarin maza ko na mata, a kemis. In saya in fara?

Kada ku yi. Na san yadda abin yake da sauƙi: a tsaya a kanta, a nuna hoton kwali a waya, yaron kemis ya miƙo ba tambaya. Yawancin abin da ake miƙowa ƙwayar tsarin iyali ce, kuma nau'in istirojin, wato sinadarin mata, da ke cikinta ya fi kowane haddasa daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wanda in ya tafi huhu yana kisa cikin ɗan lokaci, musamman ga mai shan taba. Magungunan da suke danne sinadarin maza, wani yana taɓa hanta, wani yana ɗaga sinadarin fotashiyam har bugun zuciya ya rikice. Allurar testosteron, wato sinadarin maza, tana sa jini ya yi kauri, kuma ba ta hana ɗaukar ciki ko da al'ada ta tsaya, tana kuma cutar da ɗan tayi. Ga jabun magani a kasuwa.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa mai saye. Nonon da istirojin ya fitar ba ya komawa, kuma cikin watanni za a fara gani a masallaci da majalisa, alhali bai sa murya ta yi siriri ba, bai hana gemu fita ba. Testosteron in ya buɗe murya ta buɗe ke nan har abada. Dukansu suna iya taɓa haihuwa. In kun riga kun fara, ku gaya wa likita sunan maganin da yawansa domin a auna jini, hanta da ƙoda. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi kuwa na sashen gaggawa ne a daren, ba sai gari ya waye ba.

Tiyata fa, da sauya takardu?

Ban da gyaran da ake yi wa mata-maza, ba a yin tiyatar sauya jinsi a fili a asibitocin Najeriya. Masu yi suna fita ƙasashe irin Tailan da Indiya, da kuɗi masu yawa, kuma aiki ne mai buƙatar kulawar likita shekara da shekaru. Babu wata doka a ƙasar nan da ta tanadi sauya jinsi a katin ɗan ƙasa ko fasfo saboda wannan dalili. Duk wanda ya ce zai yi muku aikin a wani ɗaki, ku guje shi.

Wane likita zan gani, kuma zai rufa mini asiri?

Likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Akwai sashensu a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ƙa'idar aikin likita ta wajabta masa riƙe sirrin mara lafiya, amma likitoci mutane ne, kowa da fahimtarsa. Ku fara da abin da ya fi sauƙin faɗa, rashin barci da damuwa, ku ga yadda yake sauraro. Ku nemi a bar ku ku kaɗai a ɗakin in ɗan'uwa ya rako ku, ku kuma tambaya kai tsaye me za a rubuta a fayil. In ya koma yi muku faɗa ko ya ce zai kira gida, ba dole ku koma wajensa ba.

In faɗa wa iyayena?

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kafin ku furta, ku tambayi kanku ina za ku kwana in aka ce ku bar gidan, wa zai biya kuɗin makaranta, kuma akwai wanda zai iya ɗaga muku hannu. In amsar tana da ban tsoro, ku jira. Da yawa sukan fara da mutum ɗaya mai sanyin zuciya, yaya ko gwaggo ko kawu, kuma da bayanin ciwon: "Gwaggo, akwai abin da yake damuna tun ina ƙarami, ina so a kai ni asibiti." Wannan ya fi shiga kunne fiye da sunayen da aka koyo a intanet.

An ce in na yi aure zai wuce. Gaskiya ne?

Aure ba ya cire shi. Akwai masu wannan ƙunci da suka yi aure da saninsu, suka zauna lafiya, suna son iyalinsu. Amma auren da aka ɗaura a matsayin magani yakan ƙare da mutum biyu cikin wahala, ɗaya ba ta ma san laifin da ta yi ba. 'Yar mutane tana da haƙƙi. In ana matsa muku, neman lokaci don karatu ko tara jari uzuri ne da gidajenmu suka saba karɓa.

Na samu masu irin halina a intanet. In amince da su?

Samun wanda ya fahimce ku yana sauke nauyi, amma a nan ne kuma ake kafa tarko. Akwai masu shiga Facebook da WhatsApp da sunan abota, su karɓi hoto, su gayyaci mutum wani gida, sannan a yi masa duka a ƙwace waya a riƙa tatsar kuɗi da barazanar tura wa 'yan'uwa. Kada ku tura hoton fuska, sunan unguwa ko wajen aiki, kada ku je ɗakin wanda ba ku sani ba, ku sa wa wayarku makulli. In an fara yi muku barazana, biyan farko ba ya zama na ƙarshe, lauya ya kamata ku nema.

Wani lokaci ina jin gara in mutu.

Wannan ba ya jiran komai. Ku faɗa wa mutum ɗaya yau, ko da ba ku faɗi dalili ba: "Ina tunanin cutar da kaina, kada ka bar ni ni kaɗai." Ku nisanta kanku daga fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi, ku ba wani ya ajiye. Ku je sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Irin wannan tunani yakan taso ya kwanta, kuma ciwon damuwar da yake hura shi yana jin magani ko da maganar jinsin ba ta warware ba tukuna.

Ɗana ɗan shekara 9 yana cewa shi mace ne, yana ɗaura ɗankwalina. Me zan yi?

Hajiya, ki fara da ajiye bulala, ki kuma hana yayyensa tsokanarsa. A cikin yaran da suke irin wannan kafin balaga, da yawa abin yakan sauya in sun girma, wasu kuma ya zauna musu, kuma babu mai iya faɗa miki yau wanne ne naki. Duka ba ya cikin abin da yake yanke wannan, abin da yake koya wa yaro shi ne ya ɓoye miki. A shekarunsa babu maganar wani magani ko allura.

Ki sa a duba lafiyar jikinsa kamar yadda aka yi bayani a amsar mata-maza. Ki tambaye shi a hankali ko wani yana taɓa shi ko yana tsorata shi, a makaranta ko a unguwa, domin yaro mai irin wannan hali shi mugaye suka fi hari. Ki koya masa abin da zai kare shi a waje ba tare da kin ce masa shi abin kunya ne ba. Ki yi magana da mahaifinsa a lokacin da ransa yake kwance, kuma kada labarin ya fita zuwa gidan biki ko bakin makwabta. In ya fara ƙin makaranta, ko ƙin abinci, ko yawan kuka lokacin da balaga ta matso, ki kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwar yara da kanki, ki zauna a waje ki bar shi ya yi magana.